Anti, Ba Na Mantuwa: Baiwa Ce Ko Jarrabawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34. Tun ina ƙarama Allah ya yi ni ba na mantuwa. Zan iya gaya miki kalar rigar da yayata ta sa ranar da muka yi wani faɗa, da maganar da ta yaɓa min tiryan-tiryan, alhali yau shekara 19 ke nan. A gida ni ake tambaya ranar haihuwar kowa, har cewa suke Allah ya ba ni kai. Amma Anti na gaji. Maigidana ya taɓa faɗa min wata magana a shekarar farko ta aurenmu. Ya ba ni haƙuri, na ce na yafe, amma da na kwanta sai ta dawo min sabuwa fil. Idan na tayar da zancen sai ya ce bai tuna ba, ko ya ce ba haka ya faɗa ba. Wannan baiwa ce ko jarrabawa? Kuma anya na yafe tunda ban manta ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda kika ce "na gaji" ne ya fi tsaya min a rai, don akwai wadda ta riga ki yin wannan kukan. A shekarar 2000 wata mata 'yar Amurka, Jill Price, ta rubuta wa Farfesa James McGaugh na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine tana neman taimako. Ta ce tun daga ranar 5 ga Fabrairu, 1980, tana da shekara 14, babu ranar da ta ɓace mata. A ba ta kowane kwanan wata, za ta faɗi wace rana ce a mako, ina take, me ta yi. An gwada ta da littattafan da take rubuta al'amuran rayuwarta kullum, aka ga gaskiya ta faɗa. A 2006 aka wallafa binciken, kuma har yau mutanen da aka tabbatar suna da irin wannan tunawa da ta wuce kima 'yan ƙalilan ne a duk duniya. Ita Jill kaya ta ɗauki abin, kaya mai nauyi, domin baƙin cikin shekaru ashirin yakan zo mata da zafinsa na ranar farko. Amma 'yar wasan kwaikwayo Marilu Henner, wadda ita ma haka Allah ya yi ta, da murna take ba da labarin nata. Kai iri ɗaya, ɗaya na kuka ɗaya na godiya.

Ki lura da abin da kika kawo min a wasiƙarki: faɗa da yaya, da maganar maigida. Ba ki ambaci ranar da wani ya faranta miki ba, alhali na tabbata ita ma tana nan a ajiye da kalar rigarta. Akwai dalili. Lokacin da rai ya ɓaci ko tsoro ya kama mutum, jiki yana sakin sinadarai irin su adirenalin, su kuwa suna sa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da ya faru da ƙarfi. Shi McGaugh ɗin ya shafe shekaru yana bincike a kan wannan. Sannan duk daren da kika kwanta kika sake bin maganar daga farko zuwa ƙarshe, bita kike yi mata, kamar ɗalibar da ke tilawar hadda. Yawancin mutane sukan riƙe labarin, zafin ya dushe da tafiyar lokaci. Ke kuma kullum kina hura wutar. A ganina wannan bitar ta dare ce ke cinye ki, ba kaifin kanki ba.

Yanzu ga wadda ba za ki so ji ba, amma zan faɗa don ina ƙaunarki. A 2013 masu bincike a wannan jami'ar sun tara mutum 20 masu irin wannan baiwa suka gwada su. An nuna musu jerin kalmomi, daga baya suka riƙa cewa sun ga kalmomin da sam ba a nuna ba, daidai da yadda sauran mutane ke kuskure. Ƙwaƙwalwa ba rikoda ba ce. Duk sanda aka tuno abu sake haɗa shi ake yi, wani lokaci a ƙara gishiri ba da sani ba. Don haka idan maigidanki ya ce ba haka ya faɗa ba, mai yiwuwa ke ce da gaskiya, amma kada ki yanke cewa ƙarya yake yi. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma ba a zama lafiya da wanda ya riƙe fayil ɗin kowa. Ina jin tsoron kada mutanenki su fara auna magana a gabanki, su daina sakin jiki da ke.

Batun yafiya kuwa, ki kwantar da hankalinki. Yafewa niyya ce, tana hannunki. Mantuwa ba ta hannunki, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta. Idan kin daina tayar da zancen, kin daina rama shi ta wata hanya, to kin yafe ko da kina tuna kowane harafi.

Ki samu littafi ki rubuta maganar nan sau ɗaya, da yadda ta yi miki ciwo, ki rufe. Idan ta zo da dare, kada ki yi kokawa da ita, don abin da aka ce kada a tuna shi ya fi naci. Ki ce mata an riga an rubuta ki, sai ki janyo wata rana mai daɗi daga wannan shekarar ki bi ta dalla-dalla. In kuwa abin ya kai ga hana ki barci makonni, ko faɗuwar gaba, ko kuka ba dalili, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da aka tsara don irin wannan tunani mai maimaita kansa, kuma yana aiki.

Zan gaya miki wani abu nawa. Shekara 11 da rasuwar mahaifiyata, kuma muryarta ta fara ɓace min. Ina tuna fuskarta, ina tuna hannunta, amma yadda take kiran sunana in ta ga na makara, na neme shi na rasa. Da ana sayen abin da kike kuka da shi, wallahi da na saya don wannan kaɗai. Ke kina da muryoyin iyayenki da kakanninki a ajiye ba ko ƙwarzane. Ki kira yayar nan taki a makon nan, ki ba ta labarin wata rana da ta yi miki alheri kuna yara, da kalar rigar da ta sa. Ki rubuto min ki gaya min abin da ta ce.