Zuciyar ɗan kokawa: gado ce ko horo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rashin tsoro da sanyin rai na 'yan kokawa da 'yan tekwando a jini yake. Akwai gado a ciki, ba musu. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin halin mutane daga ƙwayoyin gado yake fitowa. Sai dai ba ƙwaya ɗaya ce ke ba mutum jarumta ba, dubbai ne suke haɗuwa, kowace da ɗan tasirinta kaɗan. Ko ƙwayar gado mai suna ACTN3 da ake yawan ambato, aikinta a tsokar gudu da ƙarfi ne, ba a zuciya ba.

Ni nan Tahoua na ga yara wa da ƙane sun shiga filin kokawa tare. Ƙanen ne mai rawar jiki, har ya kan yi kuka in an kayar da shi, amma shi ya daure shekaru yana horo, yau shi ake kira gasa. Dubi Abdoulrazak Issoufou Alfaga, ɗan tekwandon Nijar, wanda ya ci lambar azurfa a gasar Olympics ta Rio 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Tsawonsa gado ne, natsuwarsa a gaban abokin karawa kuwa horo ya gina ta. Kar ka hana ɗanka don ka ga yana da kunya, kai shi wurin mai koyarwa.