Na bar soye-soye, amma kitsen jinina bai sauka ba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 46. An gwada jinina aka ce tiraigilisarayid ɗina, wato wani nau'in kitsen jini, ya kai 320. Wata uku ke nan na bar soye-soye da nama mai kitse, amma da aka sake gwaji bai wani motsa ba. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Abin da ake so shi ne ƙasa da 150 mg/dL. Daga 200 zuwa 499 ya yi yawa, idan kuwa ya haura 500 ana fargabar kumburin fankiriyas, sashen nan da ke samar da insulin. Naki bai kai can ba, amma ba abin sakaci ba ne, domin yana ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Barin maiƙo ya yi kyau, sai dai sau da yawa ba shi ne babban mai laifi ba. Sukari da sitacin da jiki bai ƙona ba, hanta ce ke mayar da su kitse ta zuba cikin jini. Don haka ki duba kofinki kafin ki duba tukunya: cokali nawa na sukari ke shiga shayinki? Lemon kwalba fa, da ruwan 'ya'yan itacen kwali? Zuma ma sukari ce. Ki rage farin burodi da farar shinkafa, ki ƙara ganye, wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba. Kifi mai maiƙo irin su sardin, sau biyu a mako, yana taimakawa. Barasa kuwa, ko kaɗan ce, tana ɗaga shi.

Idan kina da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki kan sauko da shi da kusan kashi 20. Ki haɗa da tafiya da sauri, minti 150 a mako.

Abin da ya fi damuna shi ne ko akwai wani ciwo a ɓoye. Ki nemi a gwada miki sukarin jini, tayroyid (wani sashe a wuya da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci) da ƙoda. Ki kuma nuna wa likitanki duk magungunan da kike sha, domin wasu ƙwayoyin tsarin iyali, sitiroyid (magungunan rage kumburi) da wasu na hawan jini kan ɗaga shi. Kada ki daina ko ɗaya da kanki. Shi zai duba ko kina buƙatar maganin rage kitsen jini irin su sitatin ko fenofibrate.

Bayan wata uku ki sake gwaji da safe, kin yi awa 9 zuwa 12 ba ki ci komai ba sai ruwa.