Me Ya Sa Gidan Kwalin Da Na Yi Wa Yara Ya Rushe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabon gida, kwalaye sun taru mana: na firij ɗaya, na talabijin ɗaya, da ƙanana na taliya da sabulu wajen ashirin. Na haɗa wa yarana biyu, ɗan shekara huɗu da 'yar shekara shida, ɗan gidan wasa, har salatif biyu na ƙarar a kansa. Kwana biyu kacal rufin ya lotsa, bango ɗaya ya durƙushe. Yanzu sun tasa ni gaba sai na sake musu, wai mai ganuwa suke so. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kayan da ke hannunki sun isa gida mai kyau har da ganuwarsa. Abin da ya kayar da na farko ba ƙarancin salatif ba ne, don ba salatif ke tsayar da kwali ba.

Ki yagi gefen kwali kaɗan ki dubi bakinsa. Takarda uku za ki gani: ta waje, ta ciki, da wata a tsakiya mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar kwanon rufi. Wannan ta tsakiyar ta bar dogayen ramuka a jere, kuma duk ƙarfin kwali a cikinsu yake. Kamar dangar kara ce. Kara a tsaye yana ɗaukar nauyi, amma a kwantar da shi a jera wani kan wani, turi ɗaya ya naɗe. A Ingila aka fara yin irin wannan takarda a 1856, don ta riƙe dogayen huluna su tsaya cak, kuma har yau tsayar da abu cak shi ne aikinta. Saboda haka duk bangon da za ki yanka, ramukan su tashi daga ƙasa su nufi sama. Bangon da ya durƙushe miki, in kin duba, da wuya ba a kwance ramukansa suke ba. Haka yake faruwa idan an farke kwali an juya shi don a samu tsawo.

Abu na biyu da ke riƙe kwali shi ne kusurwa. Falle guda ba ya tsayuwa shi kaɗai, amma da an lanƙwasa shi ya yi gwiwa, sai ya tsaya. Don haka kada ki farke kwalin firij ɗin. Kusurwoyinsa huɗu su ne ginshiƙan gidan, kuma sau da yawa irin wannan kwali mai ruɓi biyu ne, kaurinsa ya kai milimita 6 zuwa 7, alhali na taliya bai wuce 3 ko 4 ba. Idan kin riga kin farke shi a aikin farko, ki mayar da shi yadda yake ta bin tsoffin layukan lanƙwasarsa.

Kafin awo, a zazzage kowane kwali a tsakar gida, a shanya shi a rana wuni guda. Kyankyasai na son ramukan nan, kunama ma takan laɓe a kwalin da ya daɗe a sito. Ki bi gefen da aka haɗa kwalin firij da hannu a hankali: akwai manyan wayoyin ƙarfe da aka ɗinke shi da su, ki zare su da filaya ɗaya bayan ɗaya, don su ne suka fi yanka yara. Leda da farin soson da ke cikin kwalin a kawar da su gaba ɗaya, yaro na iya sa kai a leda ko ya gutsuri soson ya haɗiye. Kwalin da ya ɗauko maganin feshi, takin zamani ko ɗanyen kifi ba ya shiga wannan aiki ko da ya yi kyau a ido.

Kwalin firij a tsaye ya yi tsawo kuma gindinsa ƙarami, yara biyu suna jingina zai kife. Ki rage shi zuwa santimita 110 ko 120, abin da kika yanke daga sama ki ajiye, zai yi amfani. Marufan ƙasa ki bar su a rufe su zama daɓe; nauyin yaran da ke zaune a kai shi zai hana gidan tafiya.

Ƙofa ta zama faɗin santimita 40, tsawon 60, sun isa yaro ya shiga a sunkuye. Ki zana ta da fensir tukuna, ki bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da kowace kusurwa, ki kuma bar dokin ƙofa na santimita 5 a ƙasa. Wannan ɗan dokin shi ke hana bangon buɗewa kamar ƙafafun wando. Gefe uku kawai za ki yanka. Na huɗun ki danne shi da bayan cokali a kan rula har ya yi layi, sai ya riƙa buɗewa yana rufewa ba tare da ya yage ba. Yanka aikin babba ne, da wuƙa mai kaifi sosai, yara suna nesa kuma babu kowa a cikin kwalin. Dakusasshiyar wuƙa murƙushe ramukan take yi, bakin ya fito a tattaune.

A kan taga muna so ki tsaya da kyau. Ƙa'idar kayan filin wasan yara a Amurka ta hana barin kafa mai faɗi tsakanin santimita 9 da 23, domin ita ce kafar da jikin yaro ko kansa kan shiga ya kasa fita. Kwali mai ruɓi biyu ba ya yagewa da sauƙi idan wuya ya maƙale a ciki. To ko dai ƙaramar kafar leƙe ƙasa da santimita 9, ko babbar taga ta 25 zuwa sama. Ki yi taga biyu a bango biyu masu kallon juna, don iska ta ratsa. Cikin kwali a bazara tanda ne.

Yanzu rufi, wanda shi ne ya fara ba ki kunya. Shimfiɗaɗɗen falle ba ya ɗaukar ko nauyin kansa idan tazarar ta yi yawa, balle yara su ɗora masa filo. Hanya biyu ce. Ta farko, rufi mai doro: ki ɗauki falle mafi girma na kwalin talabijin, ki danna layi a tsakiyarsa a gicciye da ramukan, ki lanƙwasa, yadda ramukan za su gangaro daga doro zuwa baki ta kowane ɓangare. Ta biyu, idan soro suke so mai shimfiɗaɗɗen kai, sai an sa azara. Ki yanki tsiri mai faɗin santimita 40, tsawonsa ya ɗara faɗin gidan da santimita 10, ramukan suna bin tsawon. Ki raba faɗin tsirin kashi huɗu, goma-goma, ki naɗe shi ya zama bututu mai kusurwa uku, fuska ta huɗu ta hau kan ta farko, ki manne. Azara biyu irin wannan, a zaune cikin gurbin da kika yanka musu a saman bango, sun riƙe rufi. Duk da haka ki gaya wa yaran tun ranar farko cewa ba a hawa.

Wajen haɗawa kuwa, salatif mai sheƙi ba ya kama kwali da kyau. Fuskar kwali na da gashi-gashi, ƙurar hunturu ta hau, zafi ya narkar da danƙon, sai ki wayi gari ya saki. Ɗinki ya fi shi nesa ba kusa ba. Ki ɗora falle kan falle su haɗu da santimita 8 zuwa 10, ki huda ramuka biyu da ƙusa, tazarar yatsa biyu tsakaninsu, ki zura igiya ki ƙulle ta waje. Ki maimaita duk bayan taƙi guda. Kada rami ya matso baki fiye da santimita 3, zai ɓarke. Inda ake yawan ja, kamar gefen ƙofa, ki huda murfin robar ruwa ki sa shi tsakanin ƙulli da kwali, igiyar ba za ta ci kwalin ba. A datse bakin kowace igiya gajere, kada a bar madauki ko jela mai tsawo inda wuyan yaro zai kai. Farin gam ɗin kafintoci ma yana kamawa sosai: a shafa shi siriri, a danne da littattafai kamar awa ɗaya, a bar shi ya kwana. Salatif ɗin da ya rage ki rufe bakin ƙofa da na taga da shi, don bakin kwali yana yankar fata. Nan ne ya fi amfani.

Ganuwa ita ce aikin ƙananan kwalayen, kuma ita ce rabon yaran. Kowane kwali a cusa masa tsoffin takardu a dunƙule, a rufe bakinsa, ya zama bulo. A ajiye shi a zaune yadda ya zo da kaya, don a haka ramukansa ke tsaye. A jera irin jerin magina, na sama ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa. Da kwali ashirin za ki samu sahu uku: takwas, bakwai, biyar. Kada ta miƙe sambal, ki karya ta ta yi gwiwa ta kewaye gaban gidan, ki bar gurbin shiga. Sahun ƙasa kaɗai za ki ɗaure da juna. Na sama a bar su sake, don rusawa da sake ginawa rabin wasan ne, kuma bulon takarda ba ya ji wa yaro ciwo in ya faɗo. Tsawonta kada ya wuce kafaɗar ƙaramin, ki riƙa hango su daga inda kike.

Ragowar da kika yanke daga saman kwalin firij ki fitar da zankwaye huɗu da ita, irin na kan soraye da ƙofofin ganuwar Kano, tsawon taƙi ɗaya da rabi. Kowanne ki lanƙwasa shi biyu a tsaye ya rungumi kusurwa, ki ɗinke. Ado ne, kuma yana ƙara wa kusurwar ƙarfi. Zanen bango a bar wa yara da alli ko kalar makaranta. In za a sa fentin ruwa, a shafa kaɗan-kaɗan a bari ya bushe, domin jiƙa fuska ɗaya yana sa kwali ya kantare.

Laima ita ce babbar abokiyar gabarsa. Ko ruwa bai taɓa shi ba, a tsakiyar damina kwali na shan danshin iska ya yi laushi, ƙarfinsa ya ragu sosai. Kada ya zauna a kan ƙasa ko siminti mai sanyi kai tsaye, ki shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashi, ki riƙa ɗagawa duk bayan 'yan kwanaki kina dubawa saboda gara. Wuta kuwa babu sassauci a kanta: ba ashana, ba kyandir, ba maganin sauro mai hayaƙi, kuma gidan ya yi nesa da murhu, kurfoti da janareto. In suna son haske a ciki, ƙaramar tocila ta wadatar, amma ba mai ƙananan batura masu kama da maɓalli ba, don haɗiye su haɗari ne babba.

Idan wuri ya yi ƙunci, ki kwance igiyoyin rufi, ki cire azara, ki buɗe marufan ƙasa, jikin gidan zai kwanta ya zama falle guda. A ɗora shi kan wadirof ko a jingine shi bayan gado a kan bulo biyu, kada ya taɓa ƙasa.