Ku Tambaya Mu Amsa: Kullum rasit ɓacewa yake a guruf ɗin ofis ɗinmu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni akanta ce a wani kamfanin kayan noma a nan Gombe, taki da iri da maganin feshi muke sayarwa, muna da shago a cikin gari sai rassa a Kumo da Bajoga da Billiri, mu 23 ne a guruf ɗin WhatsApp har da direbobi da yaran sito. Wallahi Malam guruf ɗin nan ya zama kasuwa, tun asuba a fara barka da safiya, wannan ya turo hoton rasit wancan ya turo katin ɗaurin aure, oga kuma ya yi boyis na minti 6 a ciki zai ce a kai buhu 40 Kumo a ciki kuma zai yi faɗan makara. Ƙarshen wata in na zo haɗa lissafi sai in yi ta murza waya har yatsana ya gaji. Watan jiya saura kaɗan in yi kuka a kan alat ɗaya na Bajoga, yaron ya rantse ya turo ni kuma ban gani ba, sai bayan kwana 3 na tsinto shi tsakanin bidiyon wa'azi da hoton jariri. Ƙanena ya ce mu dinga sa hashtag irin na Facebook, na gwada #rasit amma bai yi shuɗi ba kuma bai dannu ba. Wayata ce ko ni ce ban iya ba? Sannan ya zan yi da mutanen da duk sun girme ni su yarda su bi?

Wata 'yar'uwa daga Tumfure, Gombe

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da fama. Wayarki lafiyarta lau, ke ma haka. WhatsApp ne bai ɗauki hashtag a bakin komai ba, a wajensa #rasit rubutu ne kamar kowane rubutu. A Telegram ne yake yin shuɗi, kina danna shi ya jero miki saƙonnin da ke ɗauke da shi. A Slack kuwa da wasu manyan ofisoshi ke amfani da shi, alamar # a gaban sunan ɗakin hira take zama, ɗakin kuɗi daban ɗakin kaya daban. Alamar dai ɗaya ce, ita ce wadda muke dannawa a ƙarshen *310# in za mu duba sauran kati, amma kowace manhaja da aikin da ta ba ta. Asalin abin ma dabara ce ta mutum ɗaya, wani Ba'amurke Chris Messina ya kawo shawarar a Twitter a watan Agusta 2007, kuma sai a 2009 kamfanin ya mayar da ita abin dannawa. Kin ga kenan kusan shekara 2 mutane na amfani da ita a bushe kamar yadda taki take yanzu, kuma tana musu aiki.

To tunda ba ya dannuwa meye amfaninsa? Sachin, wato neman kalma a cikin hira. Ki shiga guruf ɗin ki danna sunansa a sama ko ɗigo ukun nan na gefe, za ki ga wurin nema, ki rubuta kalmar, sai ki dinga bi da 'yan kibiyoyin sama da ƙasa daga wannan saƙo zuwa wancan. Abin da nake so ki riƙe shi ne ƙarfin ba a alamar # yake ba, a kalmar yake. In kika zaɓi "rasit" kawai za ki iya cin karo da duk inda wani ya ce ina rasit ɗina, wa ya ga rasit, ba a ba ni rasit ba, kin koma gidan jiya. Amma #rasitkumo ko #rasitbajoga a haɗe ba rata, babu mahalukin da zai rubuta wannan a cikin hira sai da niyya, duk abin da ya fito naki ne.

Sai maganar rubutu, nan ne Hausarmu take ba da ciwon kai. Kar ki kuskura ki zaɓi #kuɗi, don wani zai sa kudi, wani kuɗi, wani ma kuddi, ita kuwa waya d daban ɗ daban ne a wajenta, kuma da yawa daga cikinmu ba su da haruffa masu lanƙwasa a kibod ɗinsu ma. Haka kalma mai waƙafin sama irin ma'aikata, a Telegram daidai kan waƙafin alamar take yankewa ki ga #ma kaɗai ya yi shuɗi. Ki nemi kalmomin da ko direba yana kan hanyar Kaltungo ya tsaya shan mai zai iya bugawa da yatsa ɗaya: #lodi, #bashi, #saura na kayan da suka rage a sito, #gyara na mota da janareta. Da na rasit sun zama 5, ki tsaya nan. Rasit kaɗai za ki liƙa wa sunan gari tunda shi ne ke hana ki barci. Na san zuciya za ta ce ki yi wa NPK nasa yuriya nasa irin masara nasa, kar ki biye mata, ranar da suka kai 15 ke kanki sai kin duba takarda.

Hoton rasit ko sikirinshot na alat, a ƙasan hoton za a rubuta alamar kafin a tura, wurin nan da ake sa bayani, domin sachin yana kama wannan rubutun. Da yaron Bajoga ya yi haka da minti 1 bai ƙwace miki ba.

Boyis ɗin oga fa, gaskiya nan babu wata dabara mai daɗi. Sachin ba ya jin murya, in ya ce buhu 40 a minti na 4 to yana nan a binne. Kuma kar ki ɓata bakinki wajen cewa Alhaji ya daina boyis, ba zai daina ba, ni ma nawa yayyen ba su daina ba. Abin yi shi ne duk wanda umarnin ya shafa ya ja saƙon gefe ya amsa a kansa da layi ɗaya, misali "#lodi Kumo buhu 40 gobe, an ji Alhaji". Ya zama ladabi ya zama shaida, in ma an ji 14 ne a maimakon 40 nan take za a gyara kafin mota ta tashi.

Jerin alamomin ki sa shi a bayanin guruf, wurin da ke ƙarƙashin sunansa, don can yana zama. Maƙala saƙo a sama ma yana da kyau amma a WhatsApp iyakarsa kwana 30 ya sauka sai an sake. Ki kuma leƙa ko wani ya kunna saƙonni masu ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko 90, in a kunne yake to duk wannan aikin a ruwa kuke zubawa.

Batun manya kuwa, kar ki rubuta doka a guruf, za a ce yarinyar nan ta fara jin kanta. Ki samu oga shi kaɗai ki ce ya ambaci kowane rasit na makon nan, ki fito masa da shi yana kallo, gani ya kori ji. Daga bakinsa sanarwar za ta fito ba naki ba. Sati 2 na farko kuma ki shirya ke za ki dinga bin wanda ya manta kina amsawa a kan hotonsa da alamar, ba gori ba habaici. Masu barka da Juma'a da katin biki a buɗe musu guruf na zumunci daban, hana su gaba ɗaya rigima ce da ba ki buƙata. Littafinki na lissafi dai kar ki ajiye shi, waya tana faɗawa ruwa ana kuma sace ta, ki tabbata ajiyar Google Drive ɗinki a kunne take.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Malamin makaranta ne ni a Bauchi wajen Yelwa, mu a Telegram muke kuma hashtag yana mana aiki, sai dai shugabar makaranta ta ji labarin Slack ta ce mu koma can. Ya kake gani?

Wani malami daga Yelwa, Bauchi

AMSA

Malam barka kadai. Ka gaya wa Hajiya cikin lalama cewa Slack na kyauta saƙon kwana 90 kawai yake nuna muku, wato kafin a ƙare zango na biyu maganganun farkon zango na ɗaya sun ɓuya sai an biya, kuma biyan kan kowane ma'aikaci ne duk wata. In ɗakuna take sha'awa Telegram ɗin da kuke ciki yana da su tun ƙarshen 2022, Topics ake ce musu, mai guruf ne zai kunna a saitin, a yi na jarabawa a yi na kuɗin makaranta a yi na sanarwa. Ku kunna ganin tsofaffin saƙonni ga sabon shiga ma, yadda malamin da aka ɗauka a tsakiyar zango zai danna #jarabawa ya ga jadawalin da kansa.