Tambaya da Amsa: Me Ya Kashe Mutum 127 a Jirgin Khankala?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji a rediyo cewa hatsarin jirgi mai saukar ungulu mafi muni a tarihi a Checheniya ya faru, wai mutum 127 suka rasu a jirgi ɗaya. Abin ya ɗaure mini kai. Ashe akwai irin wannan jirgi da zai kwashi jama'a haka? Kuma tunda an ce inji biyu gare shi, me ya hana ɗayan ya sauke su lafiya? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Ranar 19 ga Agusta, 2002, ana tsakiyar yaƙin Checheniya na biyu, wani jirgin sojan Rasha samfurin Mi-26 ya tashi daga sansanin Mozdok a yankin Osetiya ta Arewa da ke kudancin Rasha, ya nufi Khankala, babban sansanin sojan Rasha da ke bakin Grozny, babban birnin Checheniya. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Akwai mutum sama da 140 a ciki. Yana dab da sauka mayaƙan Checheniya suka harbe shi da makami mai linzami na kafaɗa da ake kira Igla, ya samu inji ɗaya, jirgin ya kama da wuta.

Mi-26 ƙato ne na gaske. Farfelarsa ta sama fukafukai takwas gare ta, faɗinta mita 32. Injinansa biyu, kowanne yana da ƙarfin doki 11,400, kuma yana ɗaukar kaya har tan 20. Don ɗaukar motoci da manyan kaya aka ƙera shi. In sojoji za a ɗauka, ƙa'idarsa mutum 80 zuwa 90.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Idan aka ce an yi wa jirgin lodi fiye da kima, sai a ɗauka nauyi ne ya rinjaye shi. To, mu yi lissafi. Ka ba kowane soja kilo 100, shi da jakarsa da bindigarsa. Mutum 140 sun tashi tan 14 ke nan, in dai mutanen kaɗai aka auna, kuma wannan bai kai tan 20 ba. Matsalar wuri ce da ƙofa. Cikin jirgin tsawonsa kusan mita 12 ne, faɗinsa mita 3 da 'yan kai. Ka raba wannan fili ga mutum 140, za ka ga kusan mutum huɗu a kowane murabba'in mita ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, jakunkuna a tsakanin ƙafafu. Wanda bai samu kujera ba ba shi da bel ɗin ɗaure jiki. Da jirgi ya bugi ƙasa, duk wanda ba a ɗaure yake ba zai faɗa kan na gabansa, kaya su biyo baya, hanyar fita ta toshe da mutane.

Game da inji na biyu, ka riƙe abu ɗaya: jirgi mai saukar ungulu ya fi buƙatar ƙarfi lokacin da ya rage gudu zai sauka ko yake tsaye cak a iska. In yana tafe da matsakaicin gudu, iskar da ke ratsa farfela tana rage masa aiki, inji ɗaya kan iya riƙe shi gwargwadon nauyinsa. Amma ga jirgi mai nauyi, kusa da ƙasa, gudu ya ragu, a zafin Agusta da iska ta yi sako-sako, rasa rabin ƙarfi a wannan daƙiƙar shi ne mafi munin lokaci. Ga shi injinan biyu a jere suke a saman jirgin, kusa da giyar da ke juya farfela da bututun mai. Ɓarɓashin makami ba ya zaɓen inda zai huda.

Duk da haka matuƙan sun kai shi ƙasa da mutane da yawa a raye. Abin da ya biyo baya ne ya fi ciwo. Tankunan man Mi-26, masu cin kusan lita 12,000 in an cika su, yawancinsu a ƙarƙashin daɓen da fasinja ke tsaye suke. Mai ya malala, wuta ta bi shi. Babbar ƙofar baya, wadda da matsin mai ake buɗe ta, ta cije. Waɗanda suka kuɓuta ta gaba suka fita, ta ƙaramar kafar da ke wajen matuƙa, ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu ma sun rasu a asibiti daga baya saboda ƙuna.

Sannan wurin da ya faɗi fili ne da sojojin Rasha da kansu suka binne wa nakiyoyi don tsaron sansanin. Masu ceto suna ganin wutar da idonsu amma ba damar rugawa, sai an share musu hanya. A gobarar man jirgi kuwa, mintuna biyu ko uku na farko su ne komai.

A ganinmu, harbin shi ne sanadi, amma yawan gawarwakin daga teburin mai tsara tafiya ya fito. Tun 1997 akwai umarnin ma'aikatar tsaron Rasha da ya hana jigilar sojoji da irin wannan jirgi, kuma Shugaba Putin da kansa ya tambayi dalilin da ya sa aka taka shi. An yi zaman makoki na ƙasa ranar 22 ga Agusta, aka dakatar da kwamandan jiragen rundunar ƙasa, Janar Vitaly Pavlov, daga baya kuma aka mayar da jiragen ƙarƙashin rundunar sama. A 2004 kotu ta yanke wa wani ɗan Checheniya ɗaurin rai da rai saboda hannunsa a harin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ba a ba sojojin laimar sauka ne? Kuma na ga jiragen yaƙi suna watsa wasu ƙwallayen wuta a sama, shin ba su ne ke kare su daga irin wannan makami ba? Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Laima ba ta da amfani a nan, Malam. Tana buƙatar tsayi da lokacin buɗewa, ga farfela tana juyawa a saman kai, ga mutum fiye da ɗari a ƙofa ɗaya. Abin da ke madadinta dabarar matuƙi ce: in inji ya mutu, nan take zai sauke sandar da ke hannunsa na hagu don ya kwantar da fukafukan, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela yayin da jirgin ke gangarowa. Dab da ƙasa sai ya ɗaga hancin jirgin ya rage gudu, sannan ya ja sandar sama, ya kashe ragowar juyin wajen tausasa saukar. Sau ɗaya ake yin ta. In ya ja da wuri, farfela ta mutu yana sama. In ya makara, ya bugi ƙasa da ƙarfi.

Ƙwallayen wutar kuma don ruɗin makami mai bin zafi ake sakinsu. Idon Igla zafin hayaƙin inji yake bi, to sai a jefa masa abin da ya fi injin zafi. Sai dai lokaci ƙanƙane ne. Makamin yana cin sama da mita 500 a daƙiƙa guda, yana kaiwa kusan kilomita 5. In an harbo daga kilomita 2, daƙiƙa huɗu zuwa biyar ke nan, kuma galibi daga baya yake zuwa, inda matuƙi ba ya gani. Shi ya sa a fagen yaƙi ba a jiran a ga hayaƙinsa: ana fara sakin ƙwallayen tun ana tunkarar fili, ko a sa na'urar da ke hango harbin ta sake su da kanta.

Kuma ba kowane makami suke ruɗa ba. Jirgin Chinook na Amurka da aka kakkaɓo a lardin Wardak na Afganistan ranar 6 ga Agusta, 2011, mutum 38 suka mutu, da roka ta RPG aka same shi. Ita ba ta bin zafi, inda aka saita ta nan take tafiya.

Don haka kariyar gaske tun a ƙasa take farawa. Ana sa sojoji sintiri a kewayen filin sauka har iyakar inda makamin kafaɗa ke kaiwa, musamman rusassun gine-gine da tuddai. Ana canza hanya da lokacin zuwa, don jirgin da ke bin layi ɗaya kullum mai kwanton ɓauna ya riga ya haddace shi. Ana zuwa daga sama sosai, a gangaro da sauri a cikin da'irar sansani, jiragen yaƙi irin Mi-24 suna rakiya. Ana barin hanyar motar kashe gobara a buɗe ta cikin shingen nakiya, kowa ya san ta. Kafin tashi kuma ma'aikacin jirgi zai ƙirga mutane da kujeru, ya ɗaure kaya da raga, ya nuna wa kowane layi ƙofarsa.

Sai rarraba mutane. Mi-8, jirgi mai saukar ungulu da bai kai Mi-26 girma ba, wanda Rasha ke da shi da yawa a lokacin, yana ɗaukar sojoji kamar 24. Mutanen da aka cusa a jirgin Khankala sahu shida ke nan na Mi-8. Ya fi cin mai, ya fi cin lokaci, yana buƙatar matuƙa da yawa, amma makami ɗaya ba zai samu fiye da jirgi ɗaya daga cikin shidan ba.