Sayen gida mai iyali uku a Bronx, haya za ta biya bashin?

Malam, ka ce kana son sayen gida mai hawa uku a Bronx da ke birnin New York, ka zauna a ƙasa ka ba da sama haya. Wallahi shawara ce mai kyau amma kar ka yi gaggawa. Bashin FHA, wato bashin sayen gida da gwamnatin Amurka ke tsaya wa, kashi 3.5 cikin ɗari na kuɗin gidan kawai za ka fara ajiyewa in makin bashinka, wato makin da ke nuna yadda ka saba biyan bashi, ya kai 580, sharaɗin dole kai ma ka zauna ciki aƙalla shekara ɗaya, kuma in gidan na iyali uku ne ko huɗu sai kashi 75 na kuɗin hayar ya iya ɗauke biyan bashin na wata-wata, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Akwai ruwa a bashin fa, ka nemi fatawa tukuna.

Abin da ya fi damuna ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Dillali zai ce ai shi ma haya ne, ka duba takardar izinin zama a hukumar gine-gine da idonka, don ambaliyar guguwar Ida ta 2021 a irin ɗakunan nan ta kashe mutane. Sannan ɗumama gida daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu wuyanka ne, ka sauka ka ga tukunyar ɗumin, in tsatsa ta cinye ta a rage maka kuɗi.