Amsa ga ƙanwarmu da aka yi wa ba'a a guruf ɗin masu koyon kod

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin tura tambaya kan kuskuren da Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ke fitar miki, wani ya ce ki bar wahalar da kanki ki koma tuƙa tuwo, sauran suka bi shi da sitikar dariya, wasu kuma suka biyo ki ta bayan fage suna tambayar ko kina da aure. Yanzu kina so ki ji ko ki fita ko ki rama.

Na daɗe ina haɗa wa mutane shafukan intanet a nan Samaru, Zariya, kuma irin wannan ba baƙona ba ne. Kada ki fita tukuna. Kada kuma ki shiga musu kan ko mace za ta iya, don musun yake nema. Na ga mata sun jero wa irinsa Margaret Hamilton, wadda ta jagoranci rubuta manhajar kumbon Apollo da ya sauka a wata a 1969, ya ce ai Baturiya ce. Aka kawo masa Funke Opeke da ta kafa kamfanin MainOne, ta jawo wayar intanet ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010, ya ce ai ba 'yar Arewa ba ce. A garin Sarauniya Amina fa muke! Mai barcin gangan ba ya tasuwa. Kafin ki ankara an kwana ana cacar baki, kod ɗinki na nan bai gyaru ba.

Abin da na ga yana aiki shi ne wannan. Ki fara ɗaukar hoton maganar, da lamba da lokaci a jiki, don WhatsApp na ba mutum damar goge saƙonsa ga kowa, kuma da an taso shi zai goge ya ce sharri ne. Sannan ki amsa sau ɗaya tak, a cikin guruf: "Malam, tambayata kan kod ce. In kana da amsa bismillah." Ki sake manna tambayar. Shi ke nan.

Daga nan nauyin ya koma kan admin, kuma nan ne ake yawan cutar mu. Zai kira ki a gefe ya ce ki yi haƙuri, wasa ne, halinsa ke nan. Kada ki karɓi haƙurin gefe. A gaban mutane aka ci fuskarki, a gaban mutane za a tsawatar, saboda akwai 'yan mata a guruf ɗin, wasu 'yan aji ɗaya a ABU ko Nuhu Bamalli, da ba su taɓa cewa uffan ba, suna kallon yadda za ta kaya kafin su yi tasu tambayar. Ki nemi a rubuta doka a bayanin guruf: gargaɗi ɗaya, na biyu a cire mutum. Ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba. Akwai rubutacciyar dokar zaman tare ta masu kod mai suna Contributor Covenant tun 2014, manyan ayyukan manhaja na amfani da ita, har Linux, babbar manhajar sarrafa kwamfuta, ta ɗauka a 2018. A taƙaita ta da Hausa.

Masu biyo ki ta bayan fage kuwa, toshe su kawai, ba sa bin ki bayani. Amma in abin ya kai ga barazana ko turo hotunan batsa, ya wuce hurumin admin. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya shafi wannan. Ki adana shaida, ki sanar da wani babba a gida. Cibiyar fasahar sadarwa ta CITAD da ke Kano ma sun daɗe suna aiki kan cin zarafin mata a intanet.

Ku kuma 'yan'uwa maza da ke turo mana "ki yi haƙuri, ban ji daɗi ba" a ɓoye, mun gode, amma ku rubuta shi inda aka yi ɓarnar.

In kika ga admin ɗin na cikin masu sitikar dariya, to nan kam ki fita. Ki faɗi dalili a layi ɗaya, ki nemi She Code Africa, ƙungiyar mata masu koyon fasahar kwamfuta, can za a amsa miki tambayarki.